Ranar da Baba Ya Koma Kore

Babanmu mai fenti ne, kuma in ka shigo unguwarmu ka ce kana neman Burushi, ko akuya za ta nuna maka ƙofarmu. Tun kafin a haife ni yake hawa tsani. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa kullum da ɗigon launin gidan da ya yi wa aiki, har Mama kan ce ba sai ta tambaye shi inda ya wuni ba, gemun ya riga ya ba da labari. Yana da hannu, wallahi. In ya ja layi a bango sai ka rantse da zare aka auna. Sai dai duk mai ba shi aiki ya san abu ɗaya: Burushi ba ya shafa kore. Ka ce fari, ka ce shuɗi, ka ce ruwan hoda, zai haɗa maka yana waƙa. Ka ce kore, sai ya naɗe tsummansa ya ce Allah ya haɗa ka da wani.

Ƙwallo ce ta jawo. Ƙungiya biyu ce a garinmu, Jajaye da Koraye, kuma fili ɗaya suke bugawa, an raba wurin zaman 'yan kallo da shingen waya. Baba Ja ne tun yana da gashi a ka. A wurinsa duk ɗan Koraye majefi ne, da dutse a aljihu ake haifarsu. An sace taya, Koraye ne. An ɗauke wuta, Koraye ne. Ko ganyen miya sai ya harare shi kafin ya ci. In Mama ta ce, "Haba maigida, wake ɗaya ne ke ɓata gari," sai ya ce, "Su ai buhun ne gaba ɗaya ya ɓaci."

Abokin wannan karatun nasa shi ne Lasifika, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Sunan ya bi shi, don in ya yi maka raɗa a nan, na bayan layi ma ya ji. Benci ɗaya suke zama a fili shekara da shekaru, Baba ya fara zagin Koraye, Lasifika ya ƙarasa.

To, ka san yadda Allah yake ikonsa. Ɗan Baba na fari, Yayanmu, makanikin manyan motoci, sai ya tashi ɗan Koraye. Tun yana saurayi ya ga wani golansu yana tashi sama kamar mage, shi ke nan zuciya ta tafi. Baba ya ɗauka ƙyanda ce, za ta fito ta warke. Ba ta warke ba. Amma a lokacin abin na raha ne, a kwano ɗaya suke cin abinci suna tsokanar juna har Mama ta kore su waje.

Sai ranar da aka jefi mota. An tashi wasa Jajaye sun ci, wasu 'yan iska cikin Koraye suka tare motar magoya bayanmu a bakin gada suka yi mata ruwan duwatsu. Gilashi ya yanki Baba a damtse. Abin ba daɗi, ni kaina ranar na zagi Koraye har bakina ya gaji. Ana cikin ɗaure masa hannu sai ga Yaya ya faɗo gida da gudu, baki har kunne, ya zo faɗa mana matarsa ta sauka lafiya, an samu mace. Da safe ya saka koriyar rigarsa da niyyar zuwa kallo, naƙuda ta tashi, a asibiti ya wuni, ko hanyar fili bai bi ba.

Baba bai dubi fuskarsa ba, rigar ya duba.

"Ku ne," ya ce.

"Baba, ni fa daga asibiti nake."

"Ku ne! Duk ɗaya kuke. Kada ka ƙara taka mini gida da wannan tsumman."

Taurin kai kuwa gado ne a gidanmu. Yaya ya ce in rigar ba za ta shiga ba, shi ma ba zai shiga ba. Haka aka zauna. Yarinya ta yi zama, ta yi rarrafe, ta miƙe tana gudu, kakanta bai taɓa ɗaukarta ba. Ni da Mama mu ke zuwa wurinsu. In mun dawo Baba ya yi ta kai-komo a tsakar gida yana goge burushin da ya riga ya goge, kunne a buɗe, yana jiran mu yi labarinta. Sai kuma aka yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ƙarshen wata zai kwashe iyalinsa. Mama ta daina cin abincin kirki. Ta ce in suka tafi a haka, to, shi ke nan, sai dai labari.

Ana cikin wannan sai ga babban wasa, Jajaye da Koraye. Ranar Baba yana aiki a wata makarantar yara, ƙofofi shuɗi, tagogi rawaya, fentin mai. Ya manta jar rigarsa a kan igiya. Ni tela ce, ina kan keke ina haɗa wuyan riga, Mama ta cusa mini ita a leda ta ce in bi shi da ita, in ba haka ba yau ba mai barci a gidan nan.

Da na isa makarantar, tsani na gani a kwance, ga tafkin shuɗi, ga tafkin rawaya, ga maigadi ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye. Da ƙyar ya ba ni labari. Wai Baba yana saman tsani, galan biyu rataye a gefensa, ya ji motocin magoya baya suna wucewa da ganguna. Ya zabura zai sauko, ƙafa ta zame, shi da tsani da galan biyu suka iso ƙasa tare, galan ɗin a kansa. Sauri ya haifi nawa. Maigadi ya ce ya tsaya a samo kananzir, Baba ya ce ana can za a take wasa, wane kananzir! Ya fizgi tsumma, ya tare mai babur, ya haye yana murza fuska da kai da hannuwa.

Ni 'yasu! Ko ɗan koyon da ya fara aiki jiya ya san abin da shuɗi da rawaya ke haifarwa in aka cuɗa su. Na tare nawa babur ɗin na ce, "Malam, fili, kuma kada ka tausaya wa taya."

Ina shiga ƙofar Jajaye na hango shi yana hawa matakala. Jama'a, ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Kai kore, gemu kore, kunne kore, farar rigar aikinsa ta koma koriya shar, idanu kawai ke fari. Mutumin da ko bokiti kore ba ya bari a gidansa! Yana hawa yana ɗaga hannu biyu yana rera waƙar Jajaye, ya nufi bencinsa hankali kwance.

Jajaye suka waiwayo. Sai wani ya ce, "Kai! Ku ga wani tsohon Koraye har cikin gidanmu, yana mana ba'a da waƙarmu!"

Ledar ruwa ce ta fara sauka a kafaɗarsa. Sai ɓawon lemo, sai robar ruwa, sai takalmi wari guda. Baba ya waiga yana neman ɗan Korayen da ake jifa don shi ma ya sa hannu. Da ya gane shi ne, ya shiga buga ƙirji yana cewa, "Ni ne! Burushi ne!" Wa zai ji shi cikin ganguna? Ni ma ina ƙasa ina ɗaga jar riga ina ihu, "Babana ne! Namu ne!" Wata mata ta dafa ni ta ce, "Yauwa 'yata, ɗaga ta da kyau ya gani!" Wasu dattawa a gefe suna ta cewa a bari, a bari, ba wanda ya saurare su. Sai wani abu baƙi ya taso daga sama ya same shi a tsakar ka, ƙwas! Baba ya zauna daɓas, jini ya biyo koren fenti.

Can ƙetaren waya kuwa Koraye sun ga abin da ba su taɓa gani ba: wani jarumin tsoho ya shafe jikinsa da launinsu, ya shiga tsakiyar abokan gaba shi kaɗai. Wuri ya kaure. Samari suka haura waya, suka sure shi, suka miƙa shi hannu zuwa hannu har ɓangarensu. Marasa hankalinsu suka fara mayar da jifa, masu hankalinsu suna riƙe musu hannu, daidai yadda ake yi a namu ɓangaren. Na bi ta ƙofar da 'yan sanda suka buɗe na kutsa.

Na tarar sun ɗaga shi sama suna zagaye da shi, an ma ƙirƙira masa waƙa nan take: "Tsoho namu, tsoho kore!" Baba yana wutsil-wutsil da ƙafafu yana cewa, "Ku sauke ni, 'yan banza! Ni Ja ne! Ja nake tun ba a haife ku ba!"

"Wayyo, jifan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa," in ji wani mai ƙaton tumbi, har da share hawaye. "Ku yi masa fifita."

Wallahi ina kuka ina dariya, ban san wanne zan fara gamawa ba. Wata ma'aikaciyar jinya cikin 'yan kallo, da koren ɗankwali, ta daka musu tsawa suka sauke shi. Sai ga Yaya ya ratso taro. Muryar Baba ya ji. Ya durƙusa, ya leƙa fuskar, ya dube ni, ya dubi ledar hannuna. Ya tuɓe koriyar rigarsa ya danna a kan raunin, ya ce a hankali, "Baba, don Allah yi shiru har mu fita."

Shi ya goya shi zuwa bakin titi, shi ya riƙe masa kai aka yi ɗinki a asibiti. Baba kuwa bango ya yi ta kallo. Da aka gama, Yaya ya saka mu a mota ya juya ya tafi, ba riga a jikinsa.

Kwana da kwanaki muna aikin kananzir da sabulu. Fuska ta fita, hannuwa suka fita, gemu da bayan kunne suka ce ba inda za su. Baba ya kafa hula ya naɗe gemu da rawanin tawul, ya ƙi fita ko ƙofar gida. Hoton tsohon Koraye kuwa ya gama wayoyin gari, ba wanda ya gane ko wane ne. Mama ta wanke rigar Yaya ta shanya a igiya kusa da ja. Na zuba ido in ga Baba zai yi magana. Ya kalle ta ya wuce.

Ana saura 'yan kwanaki Yaya ya tashi, sai ga Lasifika da hantsi ya zo dubiya, an ce masa Burushi ya faɗo daga tsani. Tun daga zaure muryarsa ta riga shi shigowa.

"Kai, mutumina, ka yi asarar kallo! Wani tsohon banza Koraye suka turo mana, ya yi wanka da fenti, ya nufo bencinmu, wurin zamanka fa! Na ce yau ko ni ko shi. Ka san ba na rabuwa da matattun batura a aljihu. Na zaɓi babba na rediyo, na auna, ƙwas! A tsakar ka!" Ya zaro waya yana nuna masa. "Dube shi don Allah. Dubi idanun, ka ga idon mugu. Wannan da gani ya jefi mota ba ɗaya ba. Ai duk haka suke, da dutse a aljihu ake haifarsu."

Ina bakin keken ɗinki na cusa ƙyalle a baki. Mama ta shige ɗaki kafaɗunta suna rawa. Baba ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon tsohon.

"Me ya yi maka?" ya tambaya.

"Me ya yi? Kore ne fa!"

"Ya jefi wani?"

"To... da an bar shi ai zai jefa."

Baba ya warware tawul, koren gemu ya bayyana. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya nuna masa ɗinkin da yatsa. Tunda nake ban taɓa ganin Lasifika ba sauti ba sai ranar. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Burushi... ai ban san kai ba ne."

"Na sani," in ji Baba. "Launin ka gani. Tashi ka je, batirinka yana da kyau, ba a banza kake gyaran rediyo ba."

Lasifika ya fita har yana mance takalmi. Na saki dariyar da nake riƙewa, na juyo in tsokani Baba, sai na ga shi ba dariya yake ba. Igiyar shanya yake kallo, idanunsa sun cika. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar dariyata.

"Ke, tela," ya ce, "kira mini yayanki. Ki ce ya zo da yarinyar."

Da la'asar suka iso. Yaya, ɗan babansa, wata koriyar rigar ya sako, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Yarinyar kuwa ba ruwanta da dokar kowa, ta saki hannunsa ta shigo da gudu, ta tsaya gaban Baba tana kallon gemun. Ya ɗauke ta. Ta cafki gemun da hannu biyu ta ja, ya ce wash, ya ƙi sauke ta.

Yaya ya kama gefen rigarsa zai tuɓe.

"Bar ta," in ji Baba. "Kai riga ce kawai. Ni da fatata na je."

Yaya ya shigo ya durƙusa. Baba ya gyara wa yarinyar zama a cinyarsa, bai ɗago ba ya ce, "Ranar da aka jefi motarmu, ina kake?"

"Asibiti, Baba. Wurin haihuwar wannan. Na faɗa maka."

"Ka faɗa," in ji Baba, yana shafa kan yarinyar. "Ni ne ban ji ba."