Gidan Rainon Mama Hembadoon

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana manne da katangar Mama Hembadoon a unguwar Wurukum, nan Makurɗi. Ban taɓa bukatar agogo ba. In na ji ƙarar ƙyaurenta, shida da rabi ta yi. In kukan yara ya ɗauke ɗif, sha biyu ta gota, ta kwantar da su.

Kafin ta buɗe gidan raino, shekara ashirin ta yi tana shara da wanki a ɗakin yara na wani asibiti. Ba ta yi karatun jinya ba, amma bayan hannunta kawai za ta ɗora a goshin yaro ta gaya maka ko a kai shi asibiti ko a ba shi ruwa ya kwanta. Mijinta direban motar doya ne, ya rasu a hanyar Lafiya. 'Ya'yanta biyu suka girma suka tafi, gida ya yi mata faɗi. Sai ta fitar da kujerun falo, ta shimfiɗa tabarmi da ƙananan katifu, ta fara karɓar 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa. A lokacin da nake ba da labari su goma sha huɗu ne.

Yaran ba su taɓa gundurar ta ba. Iyayen ne ke ƙona mata rai. Da yamma, in an gama kwashe su, takan zauna a bencin shagona tana murza gwiwarta.

"Doowuese, kin ga Baban Orduen yau? Biyar muka yi da shi, sai da aka kunna fitila ya zo yana warin farfesu da giya. Wai taro suka yi. Na ce, ranka ya daɗe, taron nan da barkono aka yi shi?"

Akwai wadda ke tuɓe ɗanta tsirara a bakin ƙofa kullum, tana juya shi kamar mai zaɓen doya, ko za ta ga ƙwarzane. Akwai wadda ke kawo kunun jiya a filas, ya yi tsami, in yaro ya yi gudawa ta ce ruwan gidan Mama ne. Wata kuwa wata guda ta yi ba ta gaishe ta ba, don 'yarta ta kira Mama Hembadoon "mama" a gabanta.

"To me za ta kira ni? Kwamishina?" in ji Mama. Muka yi ta dariya har na soke yatsa da allura.

Doka ɗaya take da ita, kuma kowa ya sani: yaro mai zazzaɓi ba ya shiga gidanta.

A cikin yaran akwai jaririya 'yar wata bakwai, Mimidoo. Uwarta Kwaghdoo gasasshiyar doya da manja take sayarwa a tasha. Da farko a bayanta take goya ta, har hayaƙi ya sa mata tari, shi ne ta kawo ta. Kwaghdoo ba ta taɓa ɗaga wa Mama murya ba. Kullum da yamma za ta zo da gutsuren doya a ƙunshe cikin takarda, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Mama, ta wahalar da ke?" Mama ta ce, "Wannan? Ai ita ke rainona." Mimidoo ba ta da haƙori ko ɗaya, amma in ta kama ɗankwalin Mama sai ta tuɓe shi.

Akwai kuma Sesugh, ɗan shekara biyu, mai ƙiriniya, wanda uwarsa Madam Iveren ke aiki a wani banki. Kullum cikin sauri take, jaka a kafaɗa, waya a kunne.

Ran wata Litinin ina share ƙofar shago ta sauka daga acaɓa, ta miƙa wa Mama yaron. Ya yi lamo a kafaɗa, ba irin yadda ya saba shiga da gudu ba. Mama ta taɓa goshinsa.

"Maman Sesugh, lafiyarsa kuwa?"

"Lafiya lau, Mama. Barci ne bai ishe shi ba."

"Idonsa fa ya yi ja."

"Kuka ya yi. Mama, don Allah, na makara."

Ta riga ta haye acaɓa. Mama ta tsaya da yaro a hannu tana bin ta da kallo, sannan ta juya ciki.

Da rana ta leƙo ta kan katanga ta kira ni. Na tarar da Sesugh jikinsa kamar garwashi, hanci na zuba, yana tari. Ta ware shi a ɗakinta, amma ai tun safe yana cikin sauran, har an same shi kwance kusa da katifar Mimidoo yana wasa da ƙafarta. Sau tara muka kira uwar, ba ta ɗauka ba. Sai shida saura ta iso.

"Magani kika ba shi da safe don jikin ya yi sanyi," in ji Mama. Ba tambaya take yi ba.

"Haba Mama, wane irin zargi ne wannan? Lafiyarsa ƙalau na kawo shi. A nan ya kwaso."

"'Yata, ni na wanke yaran da suka fi gashin kanki yawa. Ki kai shi asibiti yanzu. Ƙyanda nake tsoro."

"Ke likita ce?"

Ta fizge yaron ta tafi. Ran Alhamis ƙuraje suka feso masa.

Mama ba ta ɓoye wa kowa ba. Duk wanda ya zo ɗaukar ɗansa sai ta gaya masa, ta ce a duba katin rigakafi. Wasu suka gode, wasu suka hau ta da faɗa kamar ita ta haɗa cutar a tukunya. Da ta gaya wa Kwaghdoo, sai ta ce, "Mama, ita ai ba ta kai ba. Sun ce sai ta yi wata tara." Mama ta ce ta sani.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan zazzaɓi ya kama Mimidoo. Yara uku ne suka kamu, biyu suka tashi, har da Sesugh da ya riga su warkewa. Ita kuwa ciwon ya sauka a ƙirjinta. Mama ta rufe gida, ta tare a asibiti tare da Kwaghdoo, tana yi mata fifita, tana riƙe jaririyar in uwar ta fita wanka. Kwana shida suka yi. Ran na bakwai da hantsi na hango Mama tana tahowa a ƙafa, ba ɗankwali, takalmi a hannu. Ban tambaye ta ba.

Kafin a kai gawar Mimidoo ƙauye, magana ta riga ta zagaya. Iyayen suna da wani zaure a waya inda suke hira. Wata kwastomata ta nuna mini. Madam Iveren ce ta fara rubutawa cewa ɗanta lafiyayye ya shiga gidan nan ya fito da ƙyanda, gidan ba tsabta, tsohuwa ce mai taurin kai da ba ta da takardar komai. Mai kunun tsami ta ce ita ma ta daɗe tana zargi. Baban Orduen ya ce a kai ƙara. Mutanen da Mama ta yaye musu 'ya'ya, ta koya musu zama a fo, babu wanda ya ce uffan don kare ta, sai wani malamin makaranta guda ɗaya, shi ma suka yi masa caa.

Ma'aikatan lafiya suka zo su uku. Suka duba banɗaki, suka buɗe randa, suka leƙa ƙarƙashin katifu. Babbarsu ta ce ba su ga abin aibu ba, amma a rufe na mako uku. Babu wanda ya rubuta wannan a zauren.

Na raka Mama jana'iza, wani ƙauye bayan Gboko. Ta shirya wa zagi, ta ce mini ko duka ne za ta tsaya. Da muka shiga, Kwaghdoo na zaune a tabarma cikin mata. Tana ganin Mama ta taso, ta faɗa jikinta.

"Mama, 'yarki ta tafi. Wa zai tuɓe miki ɗankwali yanzu?"

Nan Mama ta fashe da kuka. Sai da mata biyu suka riƙe ta.

A motar dawowa, muna wuce gonakin lemo, ta kama hannuna.

"Doo, na ji warin maganin a bakinsa."

"Wa?"

"Sesugh. Da safen nan. Da ya jingina da kafaɗata na ji warin, mai zaƙi-zaƙin nan. Na sani. Da na ɗaga murya da mai acaɓa ya tsaya. Sai na ce a raina, kai, yau ba ni da ƙarfin faɗa da matar nan, bari zuwa rana a gani."

Na ce mata ba ita ta ba shi magani ba, ba ita ta yi ƙarya ba. Ta ce, "Na sani. Amma ƙofar tawa ce."

Bayan mako uku ta buɗe. Yara huɗu suka dawo. Ta rame, zanen da na ɗinka mata sai da na rage shi. Duk wanda aka kawo sai ta taɓa goshi, ta taɓa wuya, ta sunsuna baki, har iyayen suka fara cewa tsufa ya taɓa ta. In yaro ya yi atishawa sai ta kira uwarsa a wurin aiki. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, ya rage saura biyu.

Wajen wata takwas da rasuwar, ran wata Asabar, muna zaune a bencina sai ga Madam Iveren da jariri a hannu. Ashe ciki gare ta a lokacin. Ta gaishe mu har da ɗan rusunawa.

"Mama, hutun haihuwata ya kusa ƙarewa. Na kai Sesugh wurare biyu, ba ya cin abinci, kullum sai ya kira sunanki. Abin da ya wuce ya wuce. Ki karɓar mini su."

Ni na buɗe baki zan yi magana, Mama ta dafa gwiwata.

"Zauna, 'yata. Abu ɗaya zan tambaye ki. Ran nan, kin ba shi magani?"

Iveren ta daɗe tana gyara wa jaririn hula.

"Kowa yana yi, Mama," in ji ta a hankali. "Wallahi kowa yana yi. Na ɗauka mura ce. Ranar manyanmu suka zo daga Abuja, an riga an ba ni takardar gargaɗi sau biyu. Babansu ba ya aiki. In aka sallame ni, me za mu ci?"

"To me ya sa kika rubuta abin da kika rubuta?"

Hawaye ya zubo mata. "Tsoro na ji. Da na ji yarinyar ta mutu, na ce za su ce ni ce."

Mama ta miƙa hannu ta karɓi jaririn. Ta ɗora shi a cinya, ta duba tafin ƙafarsa, ta shafa kansa, ta tambayi sunansa. Ta riƙe shi ya kai minti goma, har ya yi barci. Sannan ta mayar mata.

"Allah Ya raya. Amma ba zan iya ba. Ba don fushi ba. Hannuna ne ya daina yarda da kansa."

"Mama, zan rubuta musu gaskiya."

"Ba su ne ke bukatar ta ba. Kin san inda Kwaghdoo ke gasa doya."

Ban sani ba ko ta je. Na tambayi Kwaghdoo sau ɗaya a kaikaice, ta ce mata masu jaka da yawa suna tsayawa sayen doya, ba ta kallon fuskarsu. A zauren dai ba a rubuta komai ba.

Ƙarshen wannan shekarar Mama ta sallami yara biyun da suka rage, ta nema musu wuri da kanta a wajen wata mata a unguwar High Level. Katifun ta kai coci aka raba. Ɗanta ya zo da mota ya kwashe ta zuwa Gboko, aka ba wani mai gyaran firiji hayar gidan.

Na ziyarce ta bara, lokacin mangwaro. Matar ɗanta ta haihu, kuma aiki take zuwa, amma wata gidan raino take kai yaron. Ta ja ni gefe tana ƙorafi, wai ga kaka a gida, an ƙi riƙe mata yaro ko na awa biyu. Mama na jin ta daga inda take zaune tana ɓare agushi. Ta tura mini kujera da ƙafa, ta tambaye ni ko har yanzu ruwa na shiga shagona in an yi ruwan sama.