Ƙanƙarar Buɗe-baki a Kan Gawayi

Shekarar da aka rufe ramin uraniyom na Akokan, samarin unguwarmu a Arlit suka ƙara kwarara zuwa Tchibarakaten haƙar zinariya. Wasu sun dawo da babur da waya mai tsada. Ɗan ƙanena bai dawo ba, rami ne ya rufta da shi. Ta waya aka gaya mana. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu ga kabarinsa ba, salla kawai muka yi masa daga nesa. Allah ya jiƙansa.

Ɗana na fari, wanda bakina bai saba kiran sunansa ba, yana aji na biyu a lise, wato babbar sakandare, a lokacin, kuma karo na biyu ke nan yana zaman ajin. Dokar lakwal, makarantar boko, a fili take: wanda ya maimaita aji ya sake faɗuwa, an sallame shi. Wata rana muna cin abinci ya ce,

"Baba, in aka kore ni, motar Tchibarakaten zan bi."

Ba da fushi ya faɗa ba. Da ya ɗaga murya da na san abin da zan yi da shi. Ya faɗa ne kamar mai cewa gobe Laraba, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Fizik ne ke kayar da shi, ga shi kuma darasi ne mai nauyi a lissafin ƙarshen shekara. Malaminsu ya ce musu su riƙe babin zafi da kyau, don daga nan mafi yawan tambayoyin za su fito. Ni tela ne, mutumin Damagaram, karatuna na allo ne, faransancina bai wuce na ciniki ba. Amma na san hadda. Sai na ce ya riƙa zuwa shago bayan asuba yana biya mini, ina saurare. Na ɗauko wani tsohon allo na rubuta kalmomin da ajami yadda kunnena ya ji su, don in riƙa bin sa, in ya tsallake wuri in tsayar da shi.

Ƙa'idoji biyu ne, ya fassara mini su da Hausa. Ta farko ta ce: in kana son sanin yawan zafin da abu ya ci, ka ɗauki nauyinsa, ka ninka da wata lamba tasa ta kansa, ka ninka da digirin da ya ƙaru. Kowane abu da lambarsa. Ta ruwa dubu huɗu da ɗoriya ce, ta ƙarfe ko ɗari biyar ba ta kai ba. Wannan ban sha wuya da ita ba. Ƙofar shagona ta ƙarfe ce, kafin hantsi ya ɗaga ba ta taɓuwa, ruwan duro kuwa yana rana ɗaya da ita amma sai bayan azahar yake ɗumi sosai. Na ce masa, wato ruwa babban ciki gare shi, sai ya ci zafi mai yawa kafin ya nuna. Ya ce haka ne.

Ta biyu ta ce: ƙanƙara in tana narkewa, zafi yana shiga cikinta amma digirinta ba ya motsi, yana nan a sifiri har ta narke duka. Wannan zafin da ke shiga ba a ganin sa, ɓoyayyen zafi suke ce masa, kuma lissafinsa daban ne: nauyin ƙanƙarar a ninka da wata babbar lamba, babu maganar digiri a ciki.

Yana biya su duka biyun ba tuntuɓe, ko almajirin da ya sauke sai haka. Amma da an ba shi tambaya, a ce an jefa ƙanƙara kaza cikin ruwan zafi kaza, a digiri nawa za su tsaya, sai hannunsa ya tsallake ƙa'ida ta biyu. Yana lissafa ƙanƙarar kamar ruwan sanyi ce kawai. Kullum amsarsa ta fi ta malam zafi.

Azumi ya kama mu a haka, cikin tsakiyar bazara. Aka yi musu gwaji kafin babbar jarrabawa, takardar ta dawo ja-wur. Ya shigo shago da rana tsaka, leɓɓansa sun bushe, ya ajiye ta a kan keken ɗinki.

Na ce, "Ba ka haddace ba ne?"

"Na haddace, Baba."

"To me ya hana ka rubutawa?"

"Saboda ƙarya ce!" Ya ce. "Ta yaya za a zuba wa abu zafi, ya ƙi yin zafi? Ina zafin ya tafi? In na zo wurin sai kaina ya ƙi. Ni dai ba ni da kan boko, a bar wahalar da ni."

Ya gaya mini cewa wani abokinsa da ya bar lakwal bara ya dawo daga wurin zinariya, zai koma bayan salla, kuma ya ce akwai wurin mutum ɗaya a bayan motarsu.

Bayan ya fita na kasa taka keke. Na yi alwala na yi nafila, na roƙi Allah, na sake roƙo. Ba ni da abin biyan malamin da zai koya masa a gida. Duka kuma ya wuce shi, saurayi ne har da gemu. Ina zaune ina kallon allon nan, sai na tambayi kaina: ni ma na yarda da maganar? Na ga ban yarda ba. Mu biyu muna ta biya abin da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu.

Muna da maƙwabci, wani dattijo Buzu da ya yi shekaru yana gyaran firigo a gidajen ma'aikatan ramin uraniyom kafin a sallame su. Yana da wani ɗan ma'aunin zafi mai waya, in ka tsoma bakin wayar cikin abu sai lamba ta fito. Na je na roƙe shi aro bayan la'asar. Ya ce ba ya ba da shi aro, amma zai zo da shi da kansa, don yana so ya ga abin da tela zai auna.

Saura ƙanƙara. A kwanakin nan kuran, wato wutar lantarki, ba ya zama, sai a wuni ba a kawo shi ba, ƙanƙara ta yi wuya a gari. Matata tun da hantsi ta je ta bi layi a gidan wata mai firigon hasken rana, ta samo dunƙule ɗaya a leda, ta naɗe shi da buhu da tsohon bargo ta tura ƙarƙashin gado. Shi ne duk gidan ke jira. Wanda bai yi azumi a Arlit cikin bazara ba, ba zai san matsayin wannan dunƙulen ba.

Na shiga ɗaki na jawo shi. Tana tsakar gida tana dama kunu, ta ɗago kai.

"Malam, ina za ka da shi? Rana ko ja ba ta yi ba."

"Karatu za a yi da shi."

"Karatu?"

Na sa yaron ya farfasa shi da taɓarya ƙanana-ƙanana, ya zuba a tukunya. Na jawo murhun gawayin da ta hura don miya, na ɗora tukunyar a kai.

Ta saki ludayi. "Inna lillahi! Malam, azumi ne ya taɓa maka kai? A wuta? Ƙanƙarar da na tsaya wa tun hantsi har ƙafafuna suka kumbura?"

Dattijon ya zauna a kan turmi yana dariya cikin rawaninsa. "Yi haƙuri, uwar gida. Ni na gyara firigo har gashina ya yi fari, ban taɓa ganin mai dafa ƙanƙara ba sai yau. A sa mata gishiri, ko haka ake cin ta a Damagaram?"

"Kai ma da girmanka ka biye masa!"

"Ni ɗan kallo ne."

Ta juyo kaina. "In ka gama dafa ta sai ka soya mana iska mu haɗa."

Na ce mata a hankali, "Ko wannan, ko motar Tchibarakaten. Zaɓi ɗaya."

Ta dubi ɗanta, ta dube ni. Ta koma kan kununta tana damawa da ƙarfin da bai kamata ba.

Yaron ya tsoma bakin wayar cikin tukunya yana juya ƙanƙarar da muciya. Lamba ta tsaya a sifiri. Gawayi ya yi ja, gefen tukunyar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ruwa ya fara taruwa, ƙanƙara na yawo a ciki. Sifiri. Wani lokaci ta ɗan ɗaga, da ya juya sai ta koma. Maƙogwarona ya bushe kamar tsohuwar fata, ina kallon abin da zan sha yana tafiya a gaban idona, zuciyata na cewa: in wannan ma bai yi ba, ba ni da sauran dabara.

Na ce wa dattijon, "Anya abin nan naka bai mutu ba?"

Ya ce, "Ciro shi ka sa a hammatarka ka gani."

Yaron ya ciro wayar ya damƙe bakinta a tafin hannunsa. Nan take lamba ta hau. Ya mayar cikin tukunya, ta gangaro ta koma sifiri. Ya sake yi. Ya ƙara gawayi, ya ɗauki mahuci ya yi ta fifita har tartsatsi na tashi, kamar mai faɗa da tukunyar. Ƙanƙarar ta ƙara saurin narkewa, lamba ba ta motsa ba.

Ya zauna dirshan a ƙasa. Ya ce, shi da kansa yake magana ba da mu ba, "Wutar duka narkarwa take yi. Ba ta da saura da za ta ɗumama shi."

Da ɗan guntun ƙarshe ya ɓace, sai lamba ta kama hawa: biyar, tara, sha biyar, ba tsayawa. Ya ce kada a sauke. Ya duba agogon wayarsa, ya ce daɗewar da ta yi tana narkewa ta kusa daidai da wadda ruwan ya yi kafin ya kai tamanin.

"Baba, ka ga girman abin da nake tsallakewa? Wutar da za ta kai ruwa daga sifiri zuwa tamanin, ita nake zubarwa a kowace tambaya."

Ruwan ya tafasa, lamba ta sake tsayawa dab da ɗari, tururi na tashi ita tana nan. Wannan karon bai yi gardama ba, shi ya riga ni faɗin dalili.

Aka kira magariba. Babu ruwan sanyi a gidan sai na randa, shi ma da ɗumi-ɗuminsa. Dattijon ya ce tunda an dafa, kada a yi asara, ya aika aka ɗauko ganyen shayinsa. Da shi muka buɗe baki bayan dabino. Matata ta karɓi nata kofin ba ta dube ni ba, kuma sai da aka kwana biyu kafin ta yi mini magana mai tsawo.

Daga ranar ya koma kan tsofaffin tambayoyin da ya faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Ba duka ya ci ba. Akwai masu tukunyar tagulla a ciki, akwai waɗanda ƙanƙarar ba ta narkewa duka, waɗannan sun ci gaba da ba shi wuya. Na daina riƙe masa allo, na koma zama kusa da shi ina ɗinkin kayan salla.

Aka yi salla, aka yi jarrabawa. Da ya dawo daga ta fizik na tambaye shi, ya ce, "Na yi abin da na yi." Ban ƙara tambaya ba don ina tsoron amsar.

Sakamako bai fito ba abokin nan nasa ya zo ƙofar gida da hantsi, motarsu na tsaye a bakin hanya, an ɗaure jarkokin ruwa da buhuna, samari sun hau sun rufe fuska da rawani. Ya yi sallama ya gaishe ni da ladabi, ya ce wa ɗana,

"Yanzu za mu ɗaga. Wurin nan in ba ka hau ba akwai mai so. Sakamakon da ka riga ka sani kake jira?"

Ɗana ya shiga ɗaki. Na san akwai jakar da ya haɗa tun cikin azumi, uwarsa ta gani ta gaya mini. Ina tsaye a zaure. Na so in ce na hana, amma na san in na hana yau, wata mota za ta tashi wani makon, kuma ba za a yi mini sallama ba. Uwarsa ta tsaya a ƙofar madafa ta toshe baki da gefen zane. Ba abin da nake iya faɗa sai hasbunallahu, a zuci.

Ya fito ba jaka. Ya ce wa abokin, "Ban sani ba. Da na sani da na bi ka. Wannan karon ban sani ba, sai na gani."

"In ka faɗi fa?"

"Mota ba ta ƙarewa."

Abokin ya yi dariya, suka tafa, ya tafi. Maganar ƙarshen nan ta zauna mini a ƙirji har ranar da aka kira su lakwal. A tsakanin nan abinci ba ya shiga, na ɓata wa wani mutum wuyan riga sai da na sake yanka.

Ya dawo kafin azahar, ya same ni a shago. Ya wuce, da ƙyar. Fizik ya samu sama da rabi kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ne ya ɗaga shi ya haye. Na tashi na yi sujada a tsakanin ƙyallayen da ke ƙasa. Da na ɗago ya ce ajin gaba ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Na ce na ji, ya je ya gaya wa uwarsa tukuna.