Takalmin Madam Adiza da ƙashin yatsana

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki. Shekara da shekaru ana tambayata me ya sami ƙafata, ina cewa ba komai. Yau dai zan faɗa.

Ina gama firamare a unguwarmu Nima, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, Inna ta kai ni koyon ɗinki wajen Madam Adiza a Maamobi. Lokacin ko gaisuwa zan yi, ƙasa nake kallo.

Madam ta taɓa ɗinka wa matar wani Bature riga, guda ɗaya tak. Tun ranar take jin kanta 'yar Ingila. Dokarta ita ce duk mai koyo sai ta sa takalmi sau-ciki mai tsinin baki.

"Ba a taka min keke da ƙafar kasuwa," in ji ta.

Gwaggona ta ce ita za ta saya min. Ta auna ƙafata da tsinken tsintsiya yadda ake yi, ta soke shi a ɗankwali, ta tafi kasuwar Circle. A cikin mota bakin tsinken ya karye, ba ta lura ba.

Da ta kawo ta ce, "Rabi, ya yi?"

Ya matse ni kamar an sa ƙafata a bakin ƙofa an rufe. Na ce, "Ya yi, Gwaggo." Wa ya isa ya kushe kyautar ƙanwar uba?

Da farko gindin babban yatsana ya yi ja. Daga baya ƙashin ya fara turowa waje kamar ƙwallon goro, yatsan ya kwanta kan maƙwabcinsa. In na taka keke zafin har ƙugu. Ɗinkina ya koma karkace.

Madam ta ɗaga wani siket da na yi, ta nuna wa kowa. "Wannan ɗinki ne ko hanyar kwata? Sati biyu na ba ki. Akwai masu jiran kujerar nan."

Inna ce ta ga ƙafar ina alwala. Nan take gidanmu ya cika da likitoci. Mai koko ta ce sammu na taka. Mai gidan haya ya ce aljanin kwata ne. Aka kira wanzami ya kafa min ƙaho, ya zuƙi jini, ya nuna wa Inna yana cewa ga cutar ta fita. Ya ci tuwonmu ya tafi. Ƙashi yana nan inda ya bar shi.

Sai asibiti. Layi tun da sassafe, yankan kati, benci, ɗaukar hoton ƙafa. Ina zaune ina ɓoye ƙafar a ƙarƙashin benci, don mai koko ta rantse yanke yatsan za a yi.

Likitan ya juya takalmina a hannu, ya ce da 'yar Hausarsa, "Yarinya, wane laifi ka yi aka ɗaure ka a nan?"

Ya sa Inna ta cire nata. Ashe ita ma tana da irin ƙashin, ƙarami. Ya ce gado ne, matsi ya tsananta shi. Ba wuƙa. Takalmi mai faɗi, ruwan ɗumi, auduga tsakanin yatsu.

Na kai wa Madam takardarsa. Ta ce, "Likitan ne yake ɗinki a nan?"

Ban san daga ina bakina ya fito ba. Na ce, "Madam, ki bar ni in yi layi ɗaya." Na cire takalmin, na taka keke da ƙafa tsirara. Ta karɓi ƙyallen, ta kai shi bakin taga, ta juya gaba, ta juya baya. Ana daf da Sallah, kaya sun taru har rufi.

Ta ce, "To ja zani ki rufe abin nan, kar masu kaya su gani."

Na zauna a kujerar har na gama koyo, na sami keken kaina. Zafin ya tafi cikin 'yan watanni. Ƙashin kuwa har yau muna tare.

Na gode wa Allah. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya saka wa likitan nan da alheri. Madam ma Allah Ya gafarta mata, ta iya yankan yadi, wannan ba zan hana ta ba.

Masu irin ƙafata, ku je asibiti da wuri, ku sa takalmin da yatsu za su motsa a ciki. Iyaye kuma, in yarinyarku tana ɗingishi ta ce ba komai, ku zaunar da ita ku cire takalmin da hannunku ku duba. Irinmu ba ma faɗa.