Mai Doguwar Gaisuwa a Motar Baba

Ranar Asabar ta farkon hutun Oktoba, shekarar da na cika sha biyu, muka bar Vénissieux da sanyin safiya a tsohuwar farar motar Baba, za mu Paris wurin Gwaggo Rabi. Inna na gaba da kular abinci a kan cinya. Ni ina baya, tsakanin bargo da jakar kaya, na rungume kaset uku kamar mai riƙon ƙwai. A bayan kowanne na rubuta lamba da jan biro: ɗaya, biyu, uku.

Kiɗa guda ne a cikinsu duka, wata sonata da malamata ta piyano, Madam Odil, ta ba ni in koya don jarrabawar watan Mayu. Wanda ya ci zai wuce gaba a makarantar kiɗa ta unguwa, wanda ya faɗi kuwa a ba wani gurbinsa. A wurina gurbin nan shi ne ɗan ɗaki mai piyano da ake buɗe mini Laraba da Asabar, don a gidanmu, can hawa na tara, kwali ne piyanona. Baba ya kawo shi daga sito inda yake aikin loda kaya, na zana masa farare da baƙaƙen maɓallai, in na gama wanke kwanoni sai in shimfiɗa shi kan tebur in yi ta dannawa shiru. Madam Odil ta ce kada in saurari makaɗi ɗaya in zama inuwarsa, in ji uku tukuna, sannan in zaɓi wanda zai raka ni. Na je ɗakin karatu na unguwa, kunya ta hana ni tambayar matar da ke kan tebur, sai na zaɓi faifan CD uku da hoton bangonsu: wani saurayi mai dogayen yatsu, wata mata tana kallon taga, da wani tsoho wanda wuyan rigarsa ya lanƙwashe ba wanda ya gyara masa. Ba mu da abin jin CD. Malam Isa, mutumin Chadi abokin aikin Baba, shi ya juye mana su a kaset, kuma abin jin kaset guda muke da shi, na cikin mota.

Muna hawa babbar hanya Baba ya miƙo hannu baya, na ba shi na ɗaya. Baba bai taɓa zama ya ji piyano ba, amma ya tsuke fuska kamar alƙali. Ba a yi nisa ba ya ce saurayin nan gudu yake kamar wanda hadari ya biyo. Matar kuwa, Inna ce ta yanke mata hukunci, ta ce hannunta na daka ne. Sai aka sa na uku. Gonakin inabi na wucewa ta taga, ganyensu ya yi ja, tsohon yana tafiya a hankali, hannun dama ya yi magana, ya dakata, na hagu ya amsa daga ƙasa. Baba ya rage gudu ba tare da ya sani ba.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wannan ya san gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, kuma ya tsaya ya ji amsa. Shi za ki bi."

Washegari a unguwar Château Rouge ta Paris na ga abin da yake nufi. Inna da Gwaggo suna cikin shago suna zaɓen kuka da daddawa, Baba na bakin ƙofa riƙe da hannun wani dattijo ɗan Damagaram, mutane na ture su ta kowane gefe, su kuwa ba su gama tambayar yara ba, balle su kai ga sanyi.

Duk lokacin sanyin nan, kowace Lahadi bayan azahar, ni da Baba mukan sauka mu zauna a mota ƙarƙashin benenmu, mu sa kaset na uku. Ya tada inji don ɗumi, ya jingina kai yana jan carbi, ni ina danna gwiwoyina kamar maɓallan piyano, gilashi ya yi ta haɗa raɓa har 'yan ƙwallo da ke fili su koma inuwoyi. Na lura muryar kiɗan a mota ta fi ta piyanon makaranta kauri kaɗan, sai na ce wa kaina piyanon manya ne, dole ya fi namu zurfi.

Madam Odil ba ta ji daɗin tafiyar hawainiyar da nake yi a kiɗan ba. Ta yi ta buga fensir a gefen piyano don in bi saurinsa, in kamo ta layi biyu, in sake komawa baya. Wata Laraba cikin Maris ta tambaye ni wa nake saurare. Na kwatanta mata tsohon da wuyan rigarsa. Ta yi murmushi, ta zaro faifan daga jakarta, hoton nan dai, ta sa a na'urar aji. Shi ne, na gane inda yake ɗan nishi kafin layi na uku. Amma ya fi sauri, muryarsa ta fi haske, kuma daidai take da piyanon da ke gabana. A nan na fahimta. Na'urar motarmu ce ta gaji, tana jan zaren kaset da ƙyar. Mutumin da Baba yake yabo a sito, har yana kwaikwayonsa da yatsu a kan sitiyari, ba a taɓa yinsa ba. Motarmu ce ta yi shi.

Ban faɗa wa Madam ba, ban faɗa wa Baba ba. Laraba in bi fensir, Lahadi in bi mota, haka na yi wata biyu.

Ran jarrabawa Baba ya yi musayar aiki da Malam Isa, ya sa shuɗiyar shaddarsa da kwat a sama, ya zauna a layin ƙarshe da hularsa ta Sallah. Alƙalai uku na gaba da takardu. Na ɗora hannu, tafiya biyu na jira a yatsuna, na tuna ɗakin nan na Laraba da Asabar, na tuna kwalina. Na bi fensir. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ban ɗaga kai na dubi layin ƙarshe ba har na gama.

Na ci. A mota Baba ya dafa kaina ya ce, "Madalla, Uwata, Allah ya yi albarka." Ya tada inji. "Amma gaisuwar kan hanya kika yi musu." Na buɗe baki in gaya masa komai, sai ya tura kaset na uku, tsohon ya fara tambayar gida. Na rufe bakina.

Bayan shekara biyu motar ta mutu, aka ja ta zuwa wurin 'yan ƙarfe. Baba ya yi ritaya ya koma Damagaram, can Allah ya yi masa rasuwa, ban taɓa gaya masa ba. Kaset na uku yana nan a akwatina a Saint-Denis, jan biron ya koɗe, amma duk na'urar da na sa shi sai ta ba ni tsohon gaskiya, mai sauri da haske. Yanzu sonatar nan tana cikin wayata a hannun makaɗa da ba na iya ƙirgawa. Nakan bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin jirgin metiro, in zan tafi aiki. Wayar ma tana iya rage gudun kiɗa, na gwada, sai dai muryar ba ta yin kauri, kuma ba ƙamshin ɗumin mota, ba ƙarar carbi.

Ina da piyano nawa yanzu, a jikin taga. Ran Lahadi bayan azahar nakan zauna in kaɗa ta yadda muka san ta, hannun dama ya tambaya, in jira, in jira, kafin na hagu ya amsa. Yau ba mai korata da fensir, sai dai wanda zan gaisar ba ya nan.