Ƙaryar da Na Yi wa Malam Iro Mai Faci

Ƙarya na yi wa Malam Iro mai faci, kuma tun kafin maganar ta gama fita daga bakina na san ƙarya ce. Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar na firamare. Ina tsugune a bakin titin Gonin Gora ina yi wa mahaifiyata fifitar gawayi, masara tana fashewa a kan waya, sai ga wata mata da jiƙaƙƙen mayafi tana bin masu sana'a ɗaya bayan ɗaya da hoto a hannu. Bayanta akwai maza biyu da ba su sa kaki ba, amma kowa ya gane 'yan sanda ne daga takalmansu. Ta miƙa wa Mama hoton, ta ce ƙanenta ne, ya baro unguwar Nasarawa zai tafi Abuja neman aiki, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Na leƙa hoton. Na san fuskar. Ni na ɗaukar masa jaka.

Gidanmu yana bayan titi, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Kafin in tafi makaranta sai na cika wa Mama randa, na share ƙofar ɗaki, na fito da awaki. In an tashi kuma in ɗauko buhun masara daga 'yar gonarmu in kai mata bakin titi, sannan in samu damar gudu wajen ƙwallo ko tuƙa gare-gare. Tsofaffin tayoyin da muke garawa duk daga rumfar Malam Iro suke. Mutum ne marar yawan magana, kullum da safe yake zuwa daga Makera, ya koma da yamma. In mun dame shi sai ya zaro taya ya garo mana ya ce, "Ku tafi can, kada mota ta kwashe ku a ce ni ne."

A wancan lokacin mutane da yawa ba sa shiga tasha. Sai su zo bakin titi su jira motar gida mai tafiya Abuja, don ta fi araha. Ba a rubuta sunan kowa. Abin da baƙo yake yi kawai, kafin ya shiga, sai ya waiwayi masu sana'ar wurin ya ce, "Kun san shi?" In aka ce an san shi, shi ke nan, ya shiga hankali kwance. Manya ba sa wasa da wannan amsar. Mama ta sha gaya mini, "Bulus, kada ka taɓa cewa ka san direba in ba ka san ƙofar gidansa da matarsa ba."

Akwai wani mai farar mota da muke kira Ankul. Kullum tsaf yake, motarsa tana ƙamshi, yana da 'yar kula cike da lemo mai sanyi. Fasinja ɗaya yake ɗauka, wai abokin hira kawai yake so. Ba ya tsayawa kusa da manya. Can ƙasa yake fakawa, gaba da rumfar faci, inda Mama ba ta cika lura ba. Yakan bar ni in zauna a kujerar direba in danna oda, yana ce mini ƙaramin kwandasta, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura a gaban abokaina. Aikina in ɗauko jakar baƙo in kawo shi. In baƙon ya tambaya, sai in daki ƙirji in ce, "Na san shi sosai, ɗan unguwarmu ne." Ko sunansa ban sani ba. Su kuma sai su yi murmushi, don a ganinsu ƙaramin yaro ba shi da dalilin yi musu ƙarya. Haka na kai masa saurayin nan na hoto, da sabon takalminsa da takardunsa a cikin leda. Har ya shafa kaina ya ce in ya samu aiki zai kawo mini ƙwallon fata.

A daminar nan aka fara tsintar gawarwaki. Manoma ne suke samunsu a dajin gefen hanya, babu jaka, babu takalmi. Unguwa ta rikice. Aka hana mu zuwa rafi, aka hana mu tsinkar mangwaro, a makaranta malamai suna tara mu kullum suna gargaɗi. Ni ban haɗa abin da Ankul ba, sai ranar da na tambaye shi cikin wauta ko mai neman aikin nan ya samu. Bai daina murmushi ba. Ya ɗora hannu a bayan wuyana, hannun da sanyi saboda kwalbar da ya riƙe, ya ce a hankali, "Rahila ce ƙanwarka ko? Mai bi ta bayan coci in za ta makaranta? Ina ganinta. Ka riƙa kula da ita." Ya ba ni lemo ya ja mota. Lemon a kwata na zubar.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan mafici ya faɗi daga hannuna. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya lura, ya tsuguna a gabana ya ce, "Ƙaramin oga, ka san shi ne?" Kafin in yi musu, wata mai tallan gyaɗa ta ce ai ta gan ni ɗauke da jakarsa. Ya ce, "Ina ka kai shi?" Na ɗaga ido. Can ƙasa farar motar tana fake, Ankul yana jingine da ita yana ɓare gyaɗa, yana kallona. Tsakanina da shi babu komai sai rumfar Malam Iro. Yatsana ya tsaya a kan rumfar. Na ce a nan na ajiye jakar, kuma na ga saurayin da Malam Iro sun zagaya baya tare.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Mutanen da suka yi wata da watanni cikin tsoro sun samu wanda za su sauke wa. Wani ya ce ai dama Malam Iro ba a nan yake kwana ba, wa ya san asalinsa. Wani ya fito da ƙarafan cire taya yana ɗagawa sama kamar ya gano makami. Kafin 'yan sanda su ƙwace shi an fasa masa kai, an ya da rumfar. Da suka zo wucewa da shi ta gaban murhunmu ya dube ni, jini yana bin gemunsa, ya ce, "Bulus, ni ka gani?" Na ɓuya a bayan zanen Mama.

A unguwa aka yi ta yabona, har tsoka Mama ta ƙara mini a miya ranar. Ni kuwa abinci ya daina wuce mini. Na koma fitsarin kwance da girmana. Kullum ina riƙe da hannun Rahila, ina bi da ita ta doguwar hanya, tana kuka tana cewa na cika mugunta. Ankul bai daina zuwa ba. In ya hango ni sai ya danna oda sau ɗaya ya ɗaga mini hannu. Na daina ɗaukar jaka, na ce ƙirjina ke ciwo, sai wani yaron ya gaje ni. Ina gani ana kai masa mutane, bakina a rufe. Gawarwaki ba su daina bayyana ba, alhali Malam Iro yana tsare.

Ba ni na tona asirin Ankul ba. Wani ɗan kasuwa ne ya shiga motar ranar Alhamis yana azumin nafila. Aka ba shi lemo, ya karɓa don kunya, ya ajiye bai sha ba. Da Ankul ya saki titi ya shiga daji yana zaton barci ya kwashe shi, sai suka kama kokawa. Mutumin ya tsere da rauni a kai, da kwalbar a aljihu, da lambar motar a ƙwaƙwalwa. Aka gwada lemon aka samu maganin barci. Lambar ta kai 'yan sanda wani gida a Mahuta, inda suka tarar da ɗaki cike da jakunkuna da takalma da wayoyi. Aka kira dangin waɗanda suka ɓata suna zuwa suna gane kaya. An ce matar nan mai hoto tana ganin ledar takardun ƙanenta ta zube. Shari'a ta daɗe. Ina sakandare muka ji a rediyo alƙali ya yanke wa Ankul hukuncin kisa, mutane suka yi ta gode wa Allah a bakin titi.

An saki Malam Iro bayan ya sha zaman gidan yari. Bai sake tako Gonin Gora ba. Ni kuwa ba wanda ya tuhume ni. Aka ce yaro ne, ya rikice. Na bar su a haka, har na girma na yi aure.

Yanzu keke mai ƙafa uku nake tuƙawa, kuma kusan kullum sai na bi ta wurin. Titin ya faɗaɗa, shaguna sun cinye inda murhun Mama yake. Matafiyi a yau lambar mota yake ɗauka a waya ya tura gida, ba ya waiwayar mai masara ya tambaye ta komai. Ina kewar lokacin da maganar mutum take isa a shiga mota. Ina cikin waɗanda suka ɓata ta.

Bara na kasa riƙewa na gaya wa matata. Sai ta ce, "Yana da rai?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To je ka sani." Na yi ta tambayar masu faci har aka kwatanta mini wata rumfa a Makera. Na same shi a kan benci, ya tsufa, ɗansa ke aikin. Niyyata in tsuguna kusa da shi in faɗa a hankali, daga ni sai shi. Na fara, bai ko juyo ba. Ɗan ya ce, "Oga, sai ka ɗaga murya. Baba ba ya ji sosai tun dukan da aka yi masa a Gonin Gora." Ya kashe injin iska. Masu jiran faci da mai shayin gefe duk suka juyo. Na durƙusa a cikin baƙin mai, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ni ne Bulus ɗan mai masara. Ban gan ka da kowa ba. Tsoro na ji, na nuna ka, na kuma yi shiru duk shekarun nan. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."