Mutumin da Ake Biya Ya Cinna wa Daji Wuta

Yayan matata ya rasu bara. An ce in faɗi wani abu a kansa, tunda na fi kowa daɗewa tare da shi. To, zan faɗi abin da ya sawwaƙa.

Mai Ashana ake ce masa. Shekara ɗaya muka shiga aikin gandun daji, ni a wajen renon dashe, shi cikin masu share hanyar wuta, wato filin da ake nomewa kewaye da gandu don gobara ta rasa abin ci idan ta iso. A lokacin an hana kunna wuta ko kaɗan. Ciyawa ta yi ta taruwa, duk bayan 'yan shekaru sai gobara ta zo ta lashe har da manyan itatuwa. Shi ya ce wa shugabanmu a riƙa ƙone ciyawar da wuri, tun da sauran danshi a jikinta, wutar za ta yi rarrafe ta mutu da kanta. Aka kore shi. Bayan gobara biyu aka aika a kira shi.

Ƙunar tasa ba ta wuce kwana goma a shekara. Zai tsinki kara ya karya kusa da kunnensa, ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska ta nufa, sai ya ce "yau" ko "ba yau ba". Ni kuwa kullum ina duƙe da bokiti. A shekara goma sha tara na tayar da bishiya dubu huɗu. Baƙi idan sun zo, a inuwar bishiyoyina suke tsayawa su ɗauki hotonsa. Matata ma, ko hadari ne ya taso, sai ta ce, "Bari a tambayi Yaya."

"Mijin ƙanwata," yakan ce, "har yanzu kana shayar da jariran naka? Yaushe za a yaye su?"

"Ranar da ka daina wasa da ashana, Yaya."

Sai mu yi dariya. Tasa ta fi tawa tsawo.

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi daidai lokacin ƙuna. Ya aiko a ce in jira shi kwana uku. To, kara dai kara ne, kunne kuma ina da biyu. Na je gefen dashena da hantsi, na karya, na ji ya ce ƙas kamar yadda nasa ke cewa. Ƙasar ce ban watsa ba.

Wutar ba ta yi rarrafe ba. Ta miƙe tsaye, ta tsallake hanyar wuta kamar ba a taɓa share ta ba. Dokar wurin kuwa a fili take: wanda ya kunna babu izini ya bar aiki, ya bar gidan ma'aikata. 'Ya'yana shida suna cikin gidan nan.

Ya iso a kan keke, bargo a kafaɗa, haƙoransa na kaɗawa. Bai dube ni ba. Ya zaga gaban wutar, ya kunna tasa a bakin hanyar mota, ta tafi ta tari tawa, suka haɗu suka rasa abin ci. Kashi ɗaya cikin uku na dashena ya zama gawayi.

Washegari muka tsaya a ofis, gaban teburin shugaba da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo.

"Wa ya kunna?" in ji shugaba.

Na buɗe baki ke nan.

"Ni na ce masa ya kunna, yallaɓai," in ji Mai Ashana. "Zazzaɓi ya toshe mini kunne."

Shugaba ya ajiye biro. "Ko gwani yakan yi tuntuɓe. Kai kuma mai dashe, ka gode wa Allah da ya ba ka suruki irin wannan."

Na gode.

Kafin mako ya zagayo, labari ya cika gari: ga mutumin da ya tashi daga kan gadon ciwo ya kashe wuta da wuta. Na koma na sake dasa abin da ya ƙone, shekara shida ina yi.

Shekara ashirin muka ƙara tare. Ga shi da bakin tsokana, amma bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Na jira. Da ya goranta mini sau ɗaya, da na samu abin riƙewa a kansa.

Har yau 'ya'yana sun ɗauka kawunsu ne ya ƙone bishiyoyin babansu, kuma tuni suka yafe masa. Ban gyara musu ba.