Darasin Mari a Ajin Malam Ermete

Ermete Bassoli bai iya zama ba. A bayan motar masu yawo gari-gari suna wasan barkwanci a tanti aka haife shi, a kan hanyar Ferrara, kuma har ya kai shekara sittin da ɗaya ƙafarsa ba ta yarda cewa an iso ba. A tsaye yake shan kofi, a tsaye yake cin taliya. Da makarantar sakandare ta Rovigo ta ɗauke shi koyar da wasan kwaikwayo, aka ba shi kujera mai laushi. Shekara tara ke nan kwat ɗinsa ce ke zama a kanta.

Zangon sanyi na barkwanci ne. Yana zarya daga taga zuwa ƙofa yake karanta wa ɗalibansa ire-iren wawayen wasa. Akwai mai farar fuska, mai rigar ƙyalƙyali da ɗaga gira, wanda ya san komai kuma shi ke ba da umarni. Akwai mai jan hanci, mai takalmi kamar kwalekwale, wanda in an aike shi ɗebo ruwa sai ya dawo da gobara. Akwai kuma mai tsumma, wanda ba ya magana, sai dai ya ba ka dariya ka koma gida zuciyarka ba daɗi. Ya koya musu faɗuwa ba tare da karaya ba, ya koya musu cewa ba a sa jan hanci ana fuskantar mutane, sai an juya baya. Duk ya koyar, ban da mari.

Ilaria da Samuele, waɗanda za su yi farar fuska da jan hanci a wasan ƙarshen zango, sun hana shi sakat.

"Malam, marin fa?" in ji Ilaria.

"Mako mai zuwa."

"Haka ka ce wancan makon, Malam. Ko sai mun yi jikoki?"

"Ke, gyara tsayuwarki! Kin tsaya kamar mai jiran bas."

Marin wawaye ba wani sirri ba ne. Hannun mai mari yana tsayawa saura kaurin yatsa ya taɓa kunci, shi kuma wanda aka mara shi ne yake tafa hannuwansa a ƙasa, daidai ƙugu, ya wurga kansa gefe. Ermete ya yi shi ya fi sau dubu, shi farar fuska, ƙanensa Nando jan hanci. Sai wata Lahadi da rana, shekara ashirin da suka wuce, suka yi cacar baki a bayan labule domin Nando ya ce ya gaji da yawo, yana son ya zauna wuri ɗaya. Suka shiga fili da fushin, hannun Ermete bai tsaya ba. Ba su taɓa samun dariya irin ta ranar ba. Nando ya ƙarasa wasan, ya rusuna wa jama'a, ya haɗa kayansa. Kunnensa na hagu bai sake jin komai ba, shi kuma Ermete bai sake amince wa hannunsa kusa da fuskar kowa ba.

Ranar Talata ya shigo aji ya tarar ana ta kwasar dariya. Yaran sun gaji da jira, sun kalli abin a waya, Ilaria ta zabga wa Samuele na gaske. Ga sawun yatsu huɗu a kumatunsa, yana murmushin ƙarfin hali, idonsa ya kawo ruwa.

"Ku yi mini shiru!" Ermete ya daka tsawa har kowa ya ƙame. Ya kama kan yaron yana raɗa masa lambobi a kunne. "Me na ce? Maimaita!"

"Bakwai, goma sha biyu. Malam, lafiya ƙalau nake, wallahi."

Ya san laifinsa ne. In bai koyar ba, za su ci gaba da koya wa kansu har wani ya rasa kunne. Kuma darasin ba ya nunuwa sai da mutum biyu da suka iya.

Washegari ya tuƙa mota zuwa Adria, inda Nando ke gyaran kekuna. Sau uku ya zagaya layin kafin ya tsaya. Ya tarar da shi a zaune a kan akwati, ya yi tumbi, yana lalubar huji a tayar da ya tsoma cikin ruwa. Ermete ya fara bayani, yana kai da kawowa tsakanin kekuna.

"Zagayo ta dama, Yaya," Nando ya ce, bai ɗago ba. "Wannan ƙofar kai ka rufe ta."

Ya zagayo, ya sake daga farko. Ban haƙurin da ya shirya tun a mota ya kasa furta shi, maganar yara kawai ta fito.

"Yaushe?"

"Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya."

"To. Matsa, ka tare mini haske."

Ranar Juma'a Nando ya zo da baƙin mai a farcensa. Ya ƙare wa yaran kallo, ya zaro tsohon jan hancinsa daga aljihu, ya miƙa wa yayansa.

"Yau kai ne wawan. Ni zan mara."

Ermete bai taɓa sa jan hanci ba a rayuwarsa. Ya juya baya kamar yadda ya koyar, ya ɗaura, ya juyo. Yara ashirin da uku suka ƙunshe dariya. Ya dubi hannun Nando, hannun da ya shekara ashirin yana murɗa ƙarfe, tsoro ya kama shi sosai. Amma a ransa ya ce in ma na gasken ne, ya cancanta. Ya runtse ido, ya miƙa kunci.

Iska ce kawai ya ji ta shafi fuskarsa. Ajin ya yi tsit. Da ya buɗe ido, tafin Nando na tsaye, saura kaurin yatsa, ko rawa ba ya yi. Hannuwan Ermete kuwa suna rataye a gefensa, ya manta da tafi.

"Kun gani ko?" Nando ya ce wa yaran. "Aikin mai mari shi ne ya tsaya. Aikin wancan ya yarda za a tsaya. Malaminku bai yarda ba." Ya juyo, muryarsa ta yi ƙasa. "Tafa mana, Yaya. Da ƙarfi, ka san kunne ɗaya gare ni."

Hannun ya sake tahowa. Wannan karon Ermete bai rufe ido ba. Ya tafa, ya wurga kai, ya yi taga-taga ya faɗa kan kujerar nan mai laushi, bisa kwat ɗinsa. Ajin ya kece da dariya, Samuele har da buga tebur. Hawaye ya jiƙa igiyar jan hancin, bai share ba.

"Malam, tashi ku sake!" Ilaria ta ce.

"Ƙyale shi, yarinya," in ji Nando, ya jawo benci ya zauna ta inda kunnensa na dama zai fuskanci yayansa. "Tun da aka haife ni ban taɓa ganinsa a zaune ba."